Jonathan Kipnis da magudanan da aka gano a tantanin ƙwaƙwalwa

Har zuwa shekara ta 2015, galibin littattafan da ake karantar da ɗaliban aikin likita sun tafi a kan cewa babu magudanan limfa a cikin ƙoƙon kan ɗan Adam.

A watan Yunin wannan shekara ne wani ayarin masu bincike na Jami'ar Virginia da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Jonathan Kipnis, ya wallafa wata maƙala a mujallar kimiyya ta Nature wadda ta nuna cewa magudanan suna nan, shimfiɗe a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa.

Wannan maƙala, da ayyukan da suka gabace ta da waɗanda suka biyo baya, su suka sa ake lissafa Kipnis cikin mutanen da suka sauya yadda masana ke kallon dangantakar ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki. Sai dai ba duk abin da ya fito daga ɗakin bincikensa ne ya samu karɓuwa ba, kuma har yanzu ana taƙaddama a kan wasu daga cikin sakamakon nasa.

Mene ne limfa?

Duk wanda ya taɓa jin rauni a ƙafa, bayan kwana biyu kaluluwa ta fito masa a matsematsi, to ya ga tsarin limfa yana aikinsa.

Baya ga jijiyoyin jini, akwai wasu siraran magudanai da suka ratsa kusan ko'ina a jiki. Su ke kwashe ruwan da ya tsattsafo daga jini, tare da datti da ɓurɓushin ƙwayoyin cuta, su kai su wasu ƙananan ƙululai da ke wuya da hammata da matsematsi da sauran wurare. Wannan ruwa shi ake kira limfa.

A cikin ƙululan ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, ke tantance abin da aka kawo musu. Idan suka ga baƙon abu sai su hayayyafa su fita yaƙi, kuma kumburin da ƙululun ke yi a lokacin shi Bahaushe ke kira kaluluwa.

Ke nan duk wata gaɓa da ba ta da waɗannan magudanai, ba ta da hanyar kai ƙara wurin garkuwar jiki. Haka aka daɗe ana ɗaukar ƙwaƙwalwa.

Tsohuwar fahimta

Wannan ra'ayi yana da hujjojinsa. A shekarun 1880 masanin nan Bajamushe, Paul Ehrlich, ya lura cewa idan aka ɗura wa dabba rini a jijiyar jini, gaɓoɓinta kan rine amma ban da ƙwaƙwalwa. Daga baya aka fahimci cewa jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa suna da wani matsattsen shinge da ke tace abin da zai shiga.

A 1948 kuma masanin Birtaniya Peter Medawar, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1960, ya dasa fatar wani zomo a cikin ƙwaƙwalwar wani zomon daban. Da a ƙarƙashin fata aka yi dashen, da jiki ya yi watsi da ita cikin 'yan kwanaki. Amma a ƙwaƙwalwa sai fatar ta zauna lafiya.

Daga nan aka ɗauka cewa ƙwaƙwalwa keɓaɓɓen wuri ne da garkuwar jiki ba ta taka ƙafa a cikinsa, kuma duk lokacin da aka ga fararen ƙwayoyin jini a can, to alamar cuta ce. Misalin da ake yawan bayarwa shi ne cutar da likitoci ke kira MS, inda garkuwar jikin mutum ke juyowa ta afka wa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, har ta kai ga shanyewar gaɓoɓi ko raunin gani.

Abin da aka cika mantawa shi ne ɗaya ɓangaren gwajin na Medawar. Ya gano cewa idan aka fara dasa wa zomon irin wannan fata a wani sashen jiki, har garkuwarsa ta san da ita, to wadda aka sa a ƙwaƙwalwa ma ba ta tsira. Wato dakarun na iya shiga. Tambayar da ta rage ita ce ta wace hanya labari ke fita daga ƙwaƙwalwa ya isa gare su.

Daga Tbilisi zuwa Virginia

An haifi Jonathan Kipnis a birnin Tbilisi na ƙasar Jojiya, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, kuma yana matashi iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Isra'ila. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Bar-Ilan, sannan ya yi digirin digirgir a Cibiyar Kimiyya ta Weizmann, inda ya kammala a 2004.

Malamarsa a can ita ce Farfesa Michal Schwartz, wadda tun a ƙarshen shekarun 1990 ta riƙa cewa garkuwar jiki na taimaka wa jijiyoyin da suka ji rauni su warke. A wancan lokaci masana da dama sun ɗauki wannan magana a matsayin ganganci. Duk wanda zai auna tasirin Kipnis, dole ne ya fara da wannan gida da ya fito.

A 2004 Kipnis da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da ya ba mutane mamaki. Sun yi amfani da ɓerayen da ba su da wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, suka sa su a wani kwarmin ruwa inda ɓera zai koyi wurin da aka ɓoye wani ɗan dandamali da zai hau ya huta. Ɓeraye masu lafiya kan haddace wurin cikin 'yan kwanaki, amma waɗannan sun yi ta lalube. Da aka ɗura musu ƙwayoyin T daga lafiyayyun ɓeraye, sai koyonsu ya inganta.

Wannan ya haifar da wata matsala. A lafiyayyar ƙwaƙwalwa da wuya a ga ƙwayoyin T a cikin naman ƙwaƙwalwar kanta. To daga ina suke yin wannan tasiri?

Bayan ya koma Jami'ar Virginia a 2007, sai Kipnis ya karkata hankalinsa ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka.

Wannan tantani ba baƙo ba ne ga mutanen arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar, ko da ba su san sunansa ba, domin kumburinsa shi ne cutar sanƙarau, wadda a annobar 1996 kaɗai ta kama mutane sama da 100,000 a Najeriya. Hawa uku gare shi. Na waje mai kauri ne, yana manne da ƙoƙon kai, na tsakiya kamar saƙar gizo-gizo yake, na ciki kuma siriri ne da ya lafe a jikin ƙwaƙwalwa. Tsakanin na biyu da na uku ne ruwan ƙwaƙwalwa ke gudana, ruwan nan da likita kan zuƙo da allura daga gadon bayan mara lafiya idan ana zaton sanƙarau ne. Babban mutum na ɗauke da kimanin mililita 150 na wannan ruwa a kowane lokaci, alhali jiki na samar da kusan mililita 500 a kowace rana. Saboda haka tilas ne a ce akwai inda yake fita.

A 2010 ayarin Kipnis ya ba da rahoton cewa idan ɓera na koyon wani abu, ƙwayoyin T kan taru a wannan tantani, su riƙa fitar da wani sinadari mai suna intalukin 4, kuma ɓerayen da ba su da sinadarin ba sa koyo yadda ya kamata.

Yadda aka gano magudanan

Wanda ya fara ganin magudanan da idonsa shi ne Antoine Louveau, wani matashin mai bincike ɗan ƙasar Faransa da ke aiki a ƙarƙashin Kipnis. Ba su yake nema ba. So yake ya ƙidaya fararen ƙwayoyin jinin da ke cikin tantanin ɓera, ya kuma ga yadda suke shiga da fita.

Bisa al'ada, idan za a duba ƙwaƙwalwa sai a fasa ƙoƙon kai a ciro ta, tantanin waje kuwa ya yayyage a zubar da shi tare da ƙashin. Louveau ya sauya tsari. Ya fara sandarar da tantanin da sinadari tun yana manne da ƙoƙon kai, sannan ya ɓare shi gaba ɗayansa ya shimfiɗa a kan gilashi.

Da ya duba a madubin hangen ƙananan halittu, sai ya ga wasu ƙwayoyin T sun jeru a cikin wasu siraran bututai da ba na jini ba ne. Aka gwada su da sinadaran da ke manne wa magudanan limfa kaɗai, suka kama. Bututan na bin gefen manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga kai, abin da ya ƙara ɓoye su. Da aka ɗura rini a ruwan ƙwaƙwalwar ɓeran, sai ya bi ta cikinsu ya ɓulla a ƙululan limfa da ke can cikin wuya.

Cikin wannan wata na Yuni, wani ayarin daban a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ƙarƙashin Farfesa Kari Alitalo tare da ɗalibinsa Aleksanteri Aspelund, ya wallafa kusan irin wannan sakamako, ba tare da haɗin gwiwa da na Virginia ba. Zuwan shaidu biyu a lokaci guda ya taimaka ƙwarai wajen sa masana su amince. A ƙarshen shekarar mujallar Science ta sanya binciken cikin manyan abubuwan da aka gano a 2015.

A 2017 kuma Dokta Daniel Reich da abokan aikinsa a Cibiyoyin Binciken Lafiya na gwamnatin Amurka suka yi amfani da na'urar ɗaukar hoto ta MRI suka nuna magudanan a kan mutane masu rai da kuma wani nau'in ƙananan birai.

Ya kamata a lura cewa a tantani magudanan suke. Naman ƙwaƙwalwar kansa ba shi da su, kuma a wannan fuska tsofaffin littattafan ba su yi kuskure ba.

Waɗanda suka riga su

Kafafen yaɗa labarai sun yi ta cewa an gano wata sabuwar gaɓa a jikin mutum. Masana tarihin aikin likita sun ce da sauran magana.

Tun a 1787 wani masanin ƙirar jiki ɗan Italiya, Paolo Mascagni, ya bayyana magudanan limfa a tantanin ƙwaƙwalwar mutum, har aka sassaƙa su a gumakan kakin zuma da ake koyarwa da su, waɗanda wasunsu na nan a wani gidan tarihi a birnin Vienna. Waɗanda suka biyo bayansa sun kasa ganin abin da ya gani, sai aka ce kuskure ya yi. A 1869 Gustav Schwalbe ya nuna cewa rinin da aka sa a ruwan ƙwaƙwalwa kan isa ƙululan wuya. A shekarun 1980 da 1990 ma Helen Cserr ta Jami'ar Brown ta yi aiki mai yawa a kan wannan hanya.

Don haka zai fi zama adalci a ce ayarin Virginia da na Helsinki sun tabbatar da abin da aka daɗe da gani aka kuma manta, da kayan aikin da ba a iya musu da su. Bambancinsu da na baya shi ne, a wannan karo duniyar masana ta saurara.

Abin da ya biyo baya

A duniyar ilimi, ɗaya daga cikin ma'aunan tasirin mai bincike shi ne yawan lokutan da wasu masana suka kafa hujja da aikinsa. Maƙalar 2015 an ambace ta sau dubbai. Amma wannan ma'auni na nuna yawan masu magana ne kawai, bai nuna ko maganar ta tabbata ba. Abin da ya fi nuna tasirin shi ne tambayoyin da aka soma yi waɗanda a da ba wanda ke yin su.

Ta farko ita ce batun tsufa. A 2018 Sandro Da Mesquita da Kipnis suka ba da rahoto a Nature cewa magudanan kan tsuke a tsofaffin ɓeraye, kwashe datti ya ragu. Da suka lalata magudanan a ƙananan ɓeraye, sai koyonsu da riƙe abu a ka suka raunana. Da suka ba tsofaffin wani sinadari mai suna VEGF-C da ke faɗaɗa magudanan limfa, sai suka ɗan farfaɗo. A ɓerayen da aka halitta da alamun cutar Alzheimer kuwa, toshe magudanan ya ƙara taruwar amiloid, wani furotin da ke dunƙulewa a kan masu wannan cuta.

Muhimmancin wannan a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane sama da miliyan 55 ne ke fama da cututtukan gushewar tunani, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, kuma cutar Alzheimer ce kan gaba a cikinsu.

Binciken ya kuma haɗu da na Farfesa Maiken Nedergaard ta Jami'ar Rochester, wadda a 2012 ta bayyana yadda ruwan ƙwaƙwalwa ke bin gefen jijiyoyin jini ya ratsa naman ƙwaƙwalwa yana wanke ta. Nata aikin ya nuna yadda datti ke fita daga ciki, nasa kuma ya nuna inda dattin ke zuwa bayan ya fito.

Ta biyu ita ce kumburin ƙwaƙwalwa. A nan sakamakon ya juya. A ɓerayen da aka sa wa cuta mai kama da MS, lalata magudanan ya sassauta cutar, domin saƙon da ke tunzura garkuwar jiki ya daina isa ƙululan wuya. Wato hanyar da ke da amfani ga tsoho tana iya zama hanyar ɓarna ga mai wata cutar. A 2020 kuma ayarin Farfesa Akiko Iwasaki na Jami'ar Yale ya nuna cewa faɗaɗa magudanan a ɓeraye na taimaka wa garkuwar jiki ta gane wani mugun nau'in kansar ƙwaƙwalwa ta yaƙe shi.

Akwai kuma wani bincike na 2016 da ya ja hankalin jama'a, inda ayarin Kipnis ya ce ɓerayen da ba su da ƙwayoyin T ba su cika damuwa da cuɗanya da 'yan uwansu ba, kuma wani sinadarin garkuwar jiki mai suna intaferon gamma ne ke da hannu a lamarin. Wasu jaridu sun wuce gona da iri, suka ce garkuwar jiki ce ke tsara halayen mutum. Gwajin dai a ɓeraye aka yi shi.

A 2020 Kipnis ya koma Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis, inda yake jagorantar wata cibiya ta nazarin garkuwar ƙwaƙwalwa. A shekarar da ta biyo baya ayarinsa ya nuna cewa ɓargon da ke cikin ƙashin ƙoƙon kai na tura fararen ƙwayoyin jini kai tsaye zuwa tantani, ta wasu ƙananan ƙofofi da wani ayari a birnin Boston ya bayyana a 2018. Bisa wannan fahimta, ƙwaƙwalwa na da nata masu gadi da ke zaune a bakin iyakarta, suna ɗanɗana ruwan da ke fitowa domin sanin halin da ake ciki.

Inda ake ja-in-ja

Babban koma-bayan da Kipnis ya fuskanta ya faru ne a kan cutar Rett, wata cutar ƙwaƙwalwa da galibi 'yan mata ƙanana take kamawa, wadda Huda Zoghbi, masaniya haifaffiyar Lebanon, ta gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta a 1999. A 2012 ayarin Kipnis ya ba da rahoto a Nature cewa dashen ɓargo ya tsawaita rayuwar ɓerayen da ke da cutar. Iyayen yara masu cutar sun yi murna matuƙa. Amma a 2015 wasu ɗakunan bincike suka haɗu suka sake gwajin, suka kuma sanar a wannan mujalla cewa ba su ga wani amfani ba.

Su kansu magudanan ma akwai saɓani a kan girman rawar da suke takawa. Steven Proulx da abokan aikinsa a Switzerland sun nuna a 2017 cewa a ɓeraye ruwan ƙwaƙwalwa mai yawa na fita ne ta gefen jijiyoyin da ke ratsa ƙoƙon kai, musamman ta saman hanci. A 2019 ayarin Gou Young Koh a Koriya ta Kudu ya ce magudanan da ke gindin ƙoƙon kai sun fi na sama, waɗanda Louveau ya fara gani, dacewa da aikin kwashe ruwa.

Wani abin lura kuma shi ne, ayarin Alitalo na Helsinki, wanda ya yi tarayya da Kipnis wajen gano magudanan, ya wallafa a 2024 cewa tsuke su ko faɗaɗa su na tsawon lokaci bai sauya yawan amiloid a ƙwaƙwalwar ɓerayensa ba. Hanyoyin gwajin ɓangarorin biyu sun bambanta, kuma masana na ci gaba da muhawara a kan dalilin saɓanin.

Gaggawar zuwa asibiti

Ya zuwa yanzu babu wani magani da hukumomin lafiya suka amince da shi wanda aka gina a kan waɗannan magudanai. Mafi yawan abin da aka sani daga ɓeraye aka samo shi, kuma tarihin binciken cutar Alzheimer cike yake da magungunan da suka yi aiki a ɓera suka gaza a mutum.

Wannan bai hana wasu yin gaggawa ba. A ƙasar Sin, asibitoci da dama sun soma yi wa masu cutar Alzheimer wata tiyata a wuya, inda ake haɗa magudanan limfa da ƙananan jijiyoyin jini da nufin sauƙaƙa fitar datti daga kai. Iyalai sun yi ta kai tsofaffinsu, ana kuma yaɗa hotunan bidiyon waɗanda aka ce sun samu sauƙi, tun kafin a kammala gwajin da zai kwatanta waɗanda aka yi wa tiyatar da waɗanda ba a yi wa ba.

A watan Yulin 2025 Hukumar Lafiya ta ƙasar Sin ta haramta amfani da tiyatar a matsayin maganin cutar Alzheimer, tana mai cewa babu isasshiyar shaidar da ke nuna amfaninta ko rashin haɗarinta. Ta bar ƙofa a buɗe ga binciken da kwamitocin kula da ƙa'idojin aikin likita suka tantance.